Dakwarar Baba Yelwa

Baba Yelwa maƙwabcina ne a ƙauyenmu, can bayan 'Yandoto, kuma taurin kansa ya fi dutsen niƙa. Shekarar da wani kamfanin haɗa magunguna ya turo wakilinsa Elisha da dashen dakwara, mu kowa ya karɓi kaɗan don kunya. Yelwa kuwa ya cika gonarsa ta gado kaf. Elisha ya ce da ƙaron itacen ake ɗaure ƙwayar magani, kamfani zai saya, amma sai itace ya shekara biyar.

Muka sa shi gaba da tsiya: "Baba, da ƙaya Inna Halimatu za ta tuƙa tuwo?"

Ya ce, "Ku ci geronku. Ni jikokina nika noma wa."

Babban maƙiyin dakwara wutar daji ce. Maganinta kuwa tun kakanni muke da shi. Da ruwa ya ɗauke, kafin ciyawa ta gama bushewa, sai a yi gayya a ƙone zagayen gona da yamma in iska ta kwanta. Mutum ɗaya na gaba da wuta, sauran na biye da ɗanyen reshe suna bugun duk harshen da ya nufi ciki. In wutar rani ta iso ta tarar da toka, sai ta mutu. Shekara huɗu muna yi masa haka, yana sallamarmu da fura da masifa.

A ta biyar 'yan bindiga suka matsa mana. Rabin gari ya watse zuwa Tsafe da Gusau. Mai gari ya hana kunna wuta a daji, don hayaƙi ke nuna musu inda mutane suke. Ban ga laifinsa ba, amma raina ya ɓaci.

Yelwa ya same ni ƙofar gida. "Hamza, yamma guda kaɗai nika roƙo."

Na ce, "Baba, waɗanda munka saba yi da su duk sun tahi. Ko suna nan, wa ka iya ƙyasta ashana?"

Bai zage ni ba, wannan ne ya tsorata ni. Ya ɗauki lauje. Shi da matarsa Inna Halimatu, wani lokaci da ni, muka dinga yankan gambar da ta fi mu tsawo, kunne na daji, ido na hanya. Mun share gabas da arewa. Ta yamma wutar ta ɓullo, har yau ba a san wanda ya kunna ta ba. Muka tsaya bakin gari muna kallo, ba mai ikon ƙara taku. Inna Halimatu ta riƙe wa Yelwa riga, kada ya afka cikin wutar.

Bayan mako Elisha ya zo da wuƙaƙen tsagar ƙaro sababbi, bai ji labari ba. Yelwa ya ja shi gona, na bi su. Ya yi ta zagaya ƙonannun itatuwan, har ya tsaya jikin ɗaya ya ɓanɓaro wani baƙin dunƙule kamar goro. Ƙaron farko ne, zafin wuta ya fito da shi. Ya hure tokar, ya danƙa wa Elisha.

"Kai musu," in ji shi. "Su san dai dakwarar ta yi."