Loma Uku a Gaban Malam

Duk sanda na ji ƙamshin shinkafa da wake yana tashi daga tukunyar lakol, wato makarantar boko, sai gabana ya faɗi. Ka yi haƙuri, bari in gaya maka dalili.

Mu mutanen gefen gari ne, a hanyar Gangara. Kakanninmu makiyaya ne, amma mu noma muka tashi muka tarar. Shanu sun tafi, kunya ta zauna. A gidanmu yaro ba ya cin abinci babban mutum na waje yana kallonsa, ko da yunwa za ta kayar da shi.

Bayan girbin gero aka kawo mana sabon malami daga birni, shekarar da aka fara dafa mana abincin rana. Yayata ita ce ta ɗaya a aji. Kullum sai ta karɓi kwanonta ta zagaya bayan dalbejiya ta ci. Malam ya ɗauka ƙyamar 'yan gari take yi. Ranar nan ya tsayar da ita a gaban allo, ya miƙa mata kwano.

"Nan za ki ci, ina gani."

Ta ci loma uku. Ba ta yi kuka ba, kuma wannan ne ya tsorata ni.

Washegari kakanmu ya zo bakin lakol, sanda a kafaɗa. Bai yi sallama ba, bai zagi kowa ba. Ya tsaya har muka fito ɗaya bayan ɗaya, mu 'yan unguwarmu, muka bi bayansa.

Darakta, shugaban lakol ɗin, dattijo ne mai sanyin hali. Bai kai ƙarar kowa ba. Sai ya fara tara malamansa duk Laraba da la'asar, ya roƙi kakarmu ta zo ta koya musu halinmu. Su a tabarma da littafi, ita a kujera, ba ta san ko baƙi ɗaya ba. Ta gaya musu abin da yaronmu ba ya faɗi, da wanda ba ya kallo cikin ido. Sabon malamin ya fi kowa rubutu. Na tsane shi a lokacin, yanzu tausayinsa nake ji.

Kafin damina ta faɗi kakanmu ya ce mu koma. Muka koma, ban da yayata. Ba wanda ya hana ta, ita ce ta ce ba za ta iya haɗa ido da allon nan ba.

Yau ni ma malama ce, kuma mu malamai mukan zauna mu koyi halin yaran da ke gabanmu, har da waɗanda suka tsallako iyaka kwanan nan. Amma malamai na sauyawa kowace shekara, dattawan da za a tambaya kuma suna ƙarewa.

Bana ɗiyar yayata ta isa shiga lakol. Na je gidanta da kaina in yi mata maganar. Yayata tana sussukar gero, ba ta ɗago ba.

"Ke a cikin ajin za ki zamna da ita kullum?"

Na ce a'a, yaya, wani malami ne, amma mun koya masa.

Ta kira yarinyar, ta miƙa mata taɓarya.