Barira Ta Ƙi Kwanciyar Arba'in

Duk wanda ya taɓa yankan riɗi a gonakin tarakta na wajen Doka, a yankin Gadarif, ya ci tuwon Barira, ko da bai san sunanta ba. A Hawata aka haife ta, bakin kogin Rahad. Ta biyo mijinta Arzika zuwa Gadarif lokacin da ake sare daji ana yanka wa manyan 'yan kasuwa filaye. Arzika ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, ita kuwa ba ta zauna jiran tausayin kowa ba. Ta tafi sansanin leburori, wanda can ake kira kambo, ta kafa murhu. Shekara talatin da ɗoriya tana tuƙa wa mutum sittin tuwon dawa a rabin ganga, da wata muciya da tsawonta ya kai mata ƙirji.

Gajeriyar mace ce mai kaifin baki. Ƙato zai ce miya ta yi ruwa, ta ce masa, "Uwarka na Habasha ko Kordofan, hanya a buɗe take." Amma in zazzaɓi ya kayar da shi, ita ce mai dama masa kunu. Zama kam ba ta iya ba. Ko gaisuwar mutuwa ta je, kafin a shafa fatiha ta sami tsintsiya.

Wata damina, ana tsakiyar ciran ciyawa, ta sunkuya za ta ɗaga jarkar ruwa, sai ƙugunta ya riƙe. Ta kasa miƙewa. Autanta Maliki, direban tarakta a gonar, ya sa ta a gaban lori ya kai ta gidansa cikin gari, har da kayanta duka. Aka kira basir, mai ɗori ke nan. Ya matsa nan, ya matsa can, ya shafa man riɗi, ya ɗaure ta da zane tamau.

"Kwana arba'in a kwance," in ji shi. "Ko ƙafa kada ta sauke."

"Arba'in?" in ji Barira. "Haihuwa na yi?"

Ba wanda ya yi dariya. Maliki kuwa, a faɗi gaskiya, abin ya zo masa daidai. Ya daɗe yana haɗiye maganar abokan aiki, wai shi yana bisa tarakta uwarsa tana cikin hayaƙi tana ciyar da ƙartai. Son uwarsa yake yi, wallahi, har ransa. Ya sayo sabon angarib, gadon nan na igiya, ya shimfiɗa katifa, ya umarci matarsa Zainaba ta ɓoye takalman tsohuwar.

Sai 'yan dubiya suka ɓalle. A unguwar nan majinyaci ba ya tashi a gaban baƙi, don in ya tashi an ce mutanen gida ba sa kula da shi. Mata su shigo layi-layi, a soya gahawa, a ƙona turare, kowacce da labarin wata da ta yi gardama ta gurgunce. Barira ta yunƙura za ta zauna, hannu huɗu su danne ta. "Kwanta, Hajja, kwanta! Ke dai huta." Huta! Matar da ba ta taɓa ganin hantsi a kwance ba, ga ta tana ƙirga karan rumfa.

Kwana goma, ciwon bai tafi ba, sai ma ya sami wurin zama. Ƙugun ya sandare, ƙafafun suka yi nauyi kamar na aro. Salla ta koma a zaune. Ran kwana goma sha uku sai da Zainaba ta rungume ta kafin ta kai bayi. A nan tsoro ya kama Barira, tsoro na gaske, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka binne Arzika. Ba ciwon take tsoro ba. Ta ga ƙafafunta suna mantawa da ita.

Da suka dawo ta ce, "Zainaba, kowa ya zo duba ni ban da Hannatu. Fushi take yi?" Hannatu ƙawarta ce, wadda ta yi shekaru tana sayar da shayi kusa da murhunta a kambo.

Zainaba ta sunkuyar da kai. "Inna, ai ke kina daji ba ki sani ba. Tun kwanciyar da ta yi bara waccan ba ta tashi ba."

"Me ya same ta?"

"Ƙugu ne. Aka ce ta yi arba'in."

Washegari da hantsi, Maliki ya fita neman kayan gyaran tarakta, Barira ta ce a miƙo mata muciyarta. Zainaba ta fara roƙo, "Inna, don Allah, zai yi faɗa."

"Ni na haife shi ko shi ya haife ni? Miƙo!"

Ta dogara muciyar, ta miƙe. Kai, ta ji a jikinta! Daga gado zuwa randa taki bakwai ne, ta yi su tana zufa tana zagin basir da zanensa. Ta sha ruwa a tsaye, ta dawo. Da azahar ta ƙara. Kwana uku tana zagaya tsakar gida a ɓoye, kuma ta lura da abu guda: in ta kwanta ƙugun ya ɗaure, in ta taka ya ɗan saki. Bai warke ba, amma ya fara jin magana.

Ran na huɗu aka kwana da ruwa. Ta yafa mayafi, ta nemi takalmi ba ta gani ba, ta ce, "Kalas, shi ke nan, ku riƙe." Ta fita ƙafa ba takalmi cikin baƙin taɓon Gadarif, wanda ke kama ƙafar mai lafiya ma. A ƙofar gida ta ci karo da 'yan dubiya uku.

"La ilaha illallahu! Ina za ki, Hajja?"

"Dubiya. Ku shiga, gadon na nan, wadda ta gaji ta kwanta."

Gidan Hannatu layi uku ne kawai, amma sai da ta tsaya sau biyar. Ta same ta a ƙarƙashin rumfa. Fuskar tana nan yadda ta san ta, da dariyarta. Ƙafafun ne suka tsotse, suka koma kamar karan dawa. Hawaye ya zubo wa Barira.

"Da ƙafarki kika zo?" in ji Hannatu.

"Da ita."

"To kada ki koma, Barira. Ni na yi biyayya. Da arba'in ta cika na ce zan tashi, jiri ya ɗebe ni, aka ce in ƙara wata. Ga ni ina ƙarawa."

Suna cikin haka Maliki ya faɗo gidan, ko sallamar kirki babu, wandonsa duk taɓo. "Haba Inna! So kike a ce na kasa riƙe uwata? Duk unguwa an gan ki!"

"An gan ni ina tafiya. Abin kunyar ke nan?"

Ya buɗe baki zai amsa, sai 'ya'yan Hannatu mata biyu suka zo juya uwarsu, don bayanta ya fara gyambo. Ɗaya ta kama kafaɗa, ɗaya ta tattara ƙafafun da hannu guda. Maliki ya san matar nan a da tana ɗaukar itace a ka daga bakin gona har kambo. Ya kawar da kai.

Da suka fito, Barira ta tsaya a ƙofa tana haki, ta jingina da muciya. Taɓo na gabanta, ƙugun na yi mata zugi. Maliki ya matso, muryarsa ta yi ƙasa.

"Inna, ko in ɗauke ki?"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ranar da za ka ɗauke ni tana zuwa, ɗan nan. Ku huɗu za ku ɗauka, ba zan ce muku uffan ba. Yau ba ita ba ce. Matsa min."

Ya matsa. Ta kafa muciya a taɓo ta ɗaga ƙafa, shi kuma ya biyo ta a baya yana share ido da hannun riga.