Wan Babanmu da Tafiyar Rasha

Shekarar da gwamnati ta ba yayana sukolashif ya tafi Rasha karatun likita, a shekarar muka gane ashe muna da dangi.

Tun rasuwar babanmu, ma'aikacin reluwe, Mama ce ke riƙe da mu a Kafanchan da tuyar ƙosai a bakin tasha. Wan babanmu na Fadan Kaje ya karɓe gonar cittar marigayin, ya ce mace ba ta gadon ƙasa. Ko Kirsimeti bai taɓa leƙo mu ba.

Ranar sujadar godiya saboda tafiyar yayana sai ga shi a coci, cikin babbar rigar aro, hannunta na jan ƙasa. Fasto bai kira shi ba, ya miƙe.

"Jama'ar Ubangiji, yaron nan ni na rene shi. Na hana cikina domin ya yi karatu."

Cikin nan kuwa yana gabansa kamar tulu. Mutane suka ce amin. Mama ta sunkuyar da kai, ni na ƙura masa ido har ya zauna. A gida shi ya fara buɗe tukunyar gwate, ya ja yayana gefe ya ce kada ya manta ya kawo masa tsarabar rediyo da agogo. Kwat ɗin sanyin da yayana ya tafi da shi, maƙwabciyarmu ce, wata Ibo mai sayar da gwanjo, ta ba shi kyauta.

Da ƙasar can ta rikice, gwamnatinmu ta manta da ɗalibanta. Labari ya iso cewa yayana wanke-wanke yake a gidan abinci, wani lokacin ya kwana da yunwa. Mama ta ɗauke ni muka je Fadan Kaje. Ta durƙusa.

"Baba, ɗanka na wahala. Ko cittar bana a taimaka masa da ita."

Yana sakace ya ce, "Ai gwamnati ce ubansa yanzu. Ki je ki same ta."

Mama ta sayar da keken ɗinkinta, matan zumunta na cocinmu suka cika sauran kuɗin, aka aika masa.

Da yayana ya dawo da shaidar likita, kafin mako ya zagayo tsohon ya iso da ciwon baya da 'ya'yansa biyu masu neman aiki. Yayana ya duba shi, ya saya masa magani. Mama ta ce in kai masa ruwa. Na kai, na dire kofin a ƙasa, nesa da hannunsa, na koma kicin.