Gurbin da Masunta Suka Bari a Tafkin Marke

Jama'a, abin da zan gaya muku ba a bakin wani na ji shi ba, da ni ya faru, kuma wallahi ban ƙara masa gishiri ba. Zamanin Turawa ne, saura 'yan shekaru a ba mu mulkin kai, ina karatu a makarantar Midil ta Kano, gidanmu kuwa a Gwarzo. Ni a lokacin mutum ne mara magana, in an yi baƙi a gida sai in shige zaure da littafina, amma in na kama abu sai na yi shi daidai. Wani malaminmu Bature da zai koma ƙasarsu ya bar mini tsohuwar kyamararsa, irin mai kama da ɗan akwatin nan baƙi, wadda ake riƙewa a ciki, a sunkuya a leƙa wani ɗan madubi a samanta. Wannan sunkuyawar ta yi mini daidai, don ba sai na kalli idon kowa ba.

Ban damu da hoton mutane a jere sun ƙame kamar sojoji ba. Na fi son mai tallan fura tana juya ludayi, ko jaki a bakin rijiya. Kuma na ƙi tsayawa a inda kowa ke tsayawa: na hau katanga na ɗauki kasuwar Gwarzo daga sama, na kwanta rub da ciki na ɗauki ƙafafun shanu a hanyar Getso, har aka fara cewa boko ya taɓa ɗan gidan nan.

Hutun bazara na tafi wajen ƙanin mahaifiyata, Kawu Audu, a wani ƙauye gaba da Gude ta ƙasar Kabo. Manomi ne, amma da rani kifi ne cefanen gidansa. Na tarar ana shirin su a Tafkin Marke, wato ranar da Sarkin Ruwa yake buɗe tafkin gari duka ya shiga kamun kifi, sau ɗaya a shekara. Tun ana gobe su muka je muka gani, tarwaɗa sai tsalle take kamar ana tafasa ruwan.

Ranar su da hantsi aka fara kiɗa, masunta suka shiga suka yi layi daga wannan gaɓa zuwa waccan, kowa da homarsa ta kamun kifi, kafaɗa da kafaɗa. Abin da nake so shi ne in sauke kyamara dab da fuskar ruwa, in ɗauko layin nan kamar yadda kifi zai gan shi. Sai na hango wani gurbi a tsakiyar layin, wurin mutum ɗaya cif, ba kowa. Na ce alhamdu lillahi, ga wuri. Na naɗe wando na kutsa, ruwa har cinya, na tsaya a gurbin na sunkuya ina leƙa madubi. Fim ɗin hoto takwas yake ci, na riga na ɗauki shida a gari, nan na ɗauki na bakwai, na murɗa zuwa na ƙarshe na bar shi don kifin da za a fitar.

Sai na ji kiɗa ya tsaya. Na ɗago, gari duka ni yake kallo. Kawu ya daka mini tsawa, “Fito daga nan, ɗan nan! Fito!”

Ashe gurbin nan ba mantuwa ba ce. Tun kaka da kakanni, in an yi layi sai a bar wa mai ruwan, wato aljanin tafkin, wurinsa, shi ma ya yi su tare da su. To ni wa ya gaya mini? Ba wanda ya gaya mini, don kowa yana ganin ko jariri ya sani.

Aka yi su ɗin dai, aka share tafkin aka dawo, aka sake, har rana ta karkata. Wallahi tallahi ko ƙarfasa ɗaya ba a ɗaga ba. Tafkin da jiya yake tafasa!

Da la'asar Sarkin Ruwa, wani dogon tsoho mai ido ɗaya, ya kira mu gindin itacen marken da ke bakin tafkin. Ni ko kallona bai yi ba, Kawu ya fuskanta. Ya ce, “Audu, baƙonka ya tsaya a wurin da ba nasa ba. Ko a jefa akwatin nan a ruwa, ko kai da gidanka ba ku ƙara shiga tafkin nan ba.”

Kawu ya sunkuyar da kai ya ce, “Ranka ya daɗe, yaro ne, ɗan boko ne.”

Ni da ba na iya haɗa ido da babba, ban san sa'ad da bakina ya buɗe ba. Na ce, “Baba, ba zan jefa ba. Ruwa na Allah ne, kyamara kuma tawa ce. In akwai wanda na ɓata wa, a bar ni in wanko hoton tukuna mu ga abin da na ɗaukar masa.”

Tsohon ya juyo da idon nan ɗaya ya ce, “Au, ashe kana magana? To je ka wanko. Ruwa a rufe yake har ka dawo.”

A gida matar Kawu ta ajiye mini tuwo da miyar kuka zalla, ba ko ƙashin kifi, kuma na gane.

Na bi motar gyaɗa zuwa Kano, na kai fim wajen wani Bayarabe mai wankin hoto a Sabon Gari. Ranar karɓa ya miƙo mini hotuna yana dariya, da Hausarsa ta kasuwa ya ce, “Abokina, wa ya riƙe kyamara ta biyu? Mutumin nan gwani ne, amma sabon hannu ne.” Na ce wace ta biyu? Na ƙirga, takwas. Ni kuwa bakwai na ɗauka, na takwas ban taɓa shi ba, don ba a fitar da kifin da zan ɗauka ba.

Jama'a, hoto na takwas ni ne. Ni ne a tsaye cikin ruwa, an ɗauko ni daga ƙasa, daga wajen ƙafafuna, ga ƙasan haɓata, ga gajimare a bayan kaina, duk sun ɗan lanƙwashe irin yadda abu ke yi in an kalle shi ta cikin ruwa. Ga kyamarar kanta a hannuna! Ta yaya kyamara za ta ɗauki kanta? Kuma da yake a sunkuye nake ina leƙa madubi, sai na fito kamar ina kallon mai ɗaukar ido cikin ido. A kusurwa ɗaya kuwa akwai wani duhu mai tsawo, irin na wanda bai saba ba ya ɗora yatsa a gefen idon kyamara. Ni ban taɓa yin wannan kuskuren ba, ko sau ɗaya.

Tsigar jikina ta tashi, ba zan ɓoye muku ba, amma kafin mota ta kai Kabo tsoron ya koma haushi. Na nufi gindin marke kai tsaye na miƙa wa Sarkin Ruwa hoton. Ya daɗe yana dubawa, ya ce, “La'ilaha illallahu. Ya gan ka. Yanzu ma ya fi kyau ka ba shi akwatin.”

Na ce, “Baba, na tsaya a wurinsa ban tambaya ba, shi ma ya taɓa kayana bai tambaya ba. An yi ɗaya ɗaya.”

Kawu ya riƙo rigata, na fizge. Da rana tsaka, mutane na kallo, na rataya kyamarata a wuya na yi bisimilla na shiga, har daidai wurin nan. Na ɗaga murya yadda na gaɓa za su ji. Na ce, “Ga aikinka na kawo maka, kai ka ɗauka, naka ne. Kyamara ba zan bayar ba. Kawuna kuma bai yi maka komai ba, ka sakar wa mutane abincinsu. Kuma in za ka sake, ka janye yatsanka.”

Na ɗora hoton a kan ruwa. Ya kamata takarda ta yi yawo ta jiƙe kafin ta nutse, ko ba haka ba? Wannan ba ta yi ba. Kusurwa ɗaya ce ta fara shiga, ita wadda take da duhun nan, sannan sauran ya bi a tsaye, sumul, kamar yadda mutum ke zare takarda daga hannunka. Na juyo na fito a hankali, na ƙi yin gudu, ko da yake Allah ya san abin da ƙafafuna suke so.

Sarkin Ruwa bai ce an yafe ba, bai ce ba a yafe ba. Washegari dai ya sa aka buga ganga. Aka yi layi, aka bar gurbin, Kawu yana gefensa da homarsa, ba wanda ya hana shi. Kifin da aka kwasa ranar, sai da aka ari jakuna. Ni ina kan reshen marke na ɗauke su daga sama, da kyamarata.

Na tambayi malamai, na tambayi masu hoto, ba wanda ya ba ni amsar da ta zauna. Baƙin fim ɗin yana nan wurina a cikin gwangwani, sauran bakwai sun bushe har suna karyewa, na takwas kuwa ko a tsakiyar bazara ka taɓa shi sai ka ji laima a yatsanka.

Shawarata gare ku, in kun je garin mutane kuka ga an bar wuri ba kowa, ku tambaya kafin ku tsaya. Amma in an ce ku miƙa abinku don tsoro, ku tsaya ku ji laifinku tukuna. Ni dai ban miƙa ba. Sai dai har yau, in zan tsallake ruwa, ba na sunkuyawa.