Baba Kumai, Mai Sanin Fuskar Dutse

Kowace safiya, kafin mata su fita gona, Baba Kumai magini ya riga ya zagaya tsohon gidan dutsen nan na gindin tsaunin Kagoro. Yakan bi bango yana shafawa da tafin hannu. Inda laka ta zube ya cike, inda jinka ta zame ya gyara. Shekara talatin da biyu ke nan, ba wanda ya sa shi.

Kakanninmu suka sauko da duwatsun a ka, suka jera da laka, bango mai kauri, ciki da sanyi ko da bazara. Nan ne ɗakin haihuwa na farko a unguwarmu.

Da daminar 1975 bangon gabas ya karkata. Dattawa suka ce a rushe gidan, a ta da na bulo da kwano. Musbahu mai siminti ya ce, "Baba, zamanin laka ya wuce. Kai kanka filasta kake bukata!"

Kumai ya ce, "Siminti toshe wa dutse hanci yake yi. Ku ba ni sati biyu. In bangon bai miƙe ba, ni zan fara sa diga."

Ya sauke duwatsun bangon ɗai-ɗai. Da yake bai yi boko ba, kowane dutse ya zana masa alamar mazauninsa da gawayi: ƙafar kaza, wata, tsinke biyu. Rana ta uku aka tafka ruwa, alamun suka wanke tas.

Mama Afiniki, tsohuwar ungozomar gidan, ta tsaya kan tulin duwatsun, ta riƙe baki. "Kumai! Gawayi? A Agusta? A Kagoro?"

"Na yi wauta, Yaya." Ya ɗauki ɗaya, ya jujjuya. "Amma wannan na ƙarƙashin taga ne. Ga fuskarsa, ga ƙeyarsa."

Kai ne, Baba, ka mayar da kowanne gurbinsa, ba alama sai abin da hannunka ya haddace. Ranar alkawari dattawa suka zo da diga, suka saki igiyar awo jikin bango, suka ga ya miƙe sak, suka koma da digarsu a kafaɗa.

Bana gwiwa ta ce ka huta. Mun gode, Sarkin Magina marar rawani. Matasa, ku je ku koya tun yana iya nuna muku. Za ku tarar da gwangwanin fentin da Mama Afiniki ta kawo masa don alama. Har yau bai buɗe ba.