Durumin Iya a Bakin Iyaka

Ranar wata Laraba ce da la'asar, a ƙarshen bazarar shekarar da na shiga ƙaramar sakandare. Hadari ya fara leƙowa daga gabas, amma ruwan shuka bai sauka ba tukuna. Muna zaune a ƙarƙashin rumfa a gidanmu na Kazaure, ni da kakata da muke kira Iya, muna ɓarar gyaɗar iri. Na gama kasona da wuri, na goge hannu a zane, na ɗauko wayar Umma na shiga wasan gini. Abin da na fara gani hayaƙi ne. Durumin da ke ƙofar gidanmu na cikin wasa yana ci da wuta, wutar ta bi reshe ta sauka a jinkar zaure, daga zaure ta haura rumbu, ni kuma ina tsaye a tsakar gida da ɗan bokitina, na rasa ta inda zan fara. Ban yi kuka nan take ba. Iya na juya na kalla, domin gidan nata ne.

Wasa ne da ake gini da bulo: na ƙasa, na dutse, na itace, na ciyawa. Komai a cikinsa kusurwa huɗu gare shi, har rana, har tumaki. Maƙwabcinmu Yaya Nura, ɗalibin kwaleji mai shagon cajin waya a bakin titi, shi ya ajiye wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin teburinsa, ya ce sunanta saba, ita ke riƙe da duniyar da dukanmu muke shiga. Yara ne daga Kazaure da Roni da Babura, har da 'yar wata malamar asibiti 'yar kudu da ta gina coci kusa da masallacin da wani ya gina. Yawancinmu ba mu san fuskar juna ba, amma mun san gidajen juna. Wanda ya sami fili sai ya kafa turaku a kusurwoyinsa, shi ke nan ya zama nasa. Baƙo ya taka, rubutu ya fito masa cewa nan filin wance ne, ya sa hannu zai cire bulo, bulon ya koma mazauninsa. Haka dai aka ce mana. A gaskiya iyakar tana da ranakunta. Ta gabas tana tsare har layin ƙarshe, ta yamma kuma ta bar shi a banza, kuma idan netwok ya yi nauyi, mutum yana iya zare maka bulo ya wuce kafin ta farga. Mun saba da ita kamar yadda aka saba da maigadi mai gyangyaɗi.

Iya ba mutuniyar gari ba ce. A wani ƙauye na ƙasar Gwiwa ta yi aure ta haifi 'ya'yanta, a can ta binne mijinta. Bayan rasuwarsa aka yi wata marka da ta kwantar da ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, Baba ya je ya ɗauko ta da 'yan ƙorenta da tukunyar turarenta. A gidanmu ba ta rasa komai ba, sai dai takan zauna tana kallon katangar siminti. Da farko faɗa take mini a kan wayar, ta ce na bar wanke-wanke da allo ina ɗora ƙasa a kan ƙasa. Wata rana ta leƙo ta kafaɗata ta ga dogon gidan gilashin da nake taƙama da shi, ta ce, "Kulu, wannan gida ne ko kwalba?" Ni kuwa da saurin baki na ce to ta nuna mini yadda gida yake. Sai ta ce in fara da zaure, ya kalli yamma.

Daga nan yammacinmu ya canza. In na dawo daga Islamiyya, na ɗebo ruwa, na kora awaki turke, sai mu shimfiɗa tabarma, ita tana faɗa ni ina ɗorawa. Ga ɗakin kakanmu, ga nata, ga murhu a inuwar danga, ga rumbun gero da na dawa, ga rijiya da bakinta na itace wanda igiyar guga ta cinye. Ba ta taɓa kama wayar ba, da haɓa take nuni. Wani lokaci takan tsaya ta rufe ido, ta ce a'a, randa ba nan take ba, in dakata ta tuna. Ta gaya mini cewa abubuwa sun fara zame mata, jiya ta kasa tuna ko ƙofar ɗakinta kudu take kallo ko yamma. Shi ya sa duk abin da muka ajiye a mazauninsa, sai ta sauke ajiyar zuciya kamar ta sauke tulu. Idan ranar cikin wasa ta faɗi, sararin ya yi ja, sai ta ce in tsaya a tsakar gida kada in motsa. Mu yi ta kallo, tattabarun maƙwabta na komawa gida a saman kanmu, ƙamshin tuwon Umma na tasowa, har nakan rasa a wane gidan nake zaune. Ina son lokutan nan fiye da yadda na iya faɗa a lokacin.

Durumi muka sa a ƙarshe. Na so in dasa shi a cikin gida, Iya ta ce sam, a bakin hanya yake, rabin inuwarsa ta gida, rabi ta masu wucewa. A can ƙauye, a ƙarƙashinsa masu zuwa kasuwa ke sauke kaya, kakanmu kuma ya ajiye randa da moɗa a gindinsa. Na nuna mata layin turakunmu, na ce in muka sa shi a nan rassansa za su fita waje, kuma waje ba a tsare yake ba. Ta ce, "Inuwar ce za a sace?" Yaya Nura ma da ya gani ya ce mini in kula da wannan gefen, don gefen yamma ne. Na ji, na kuma manta, domin bishiyar ta yi kyau ƙwarai.

Filin da ke yamma da mu na wani yaro ne daga Babura, Habu. Ɗan manoma ne, kuma a makon nan duk ƙasarmu sharar gona ake yi, ana tara kara da ƙaya ana cinna musu wuta kafin ruwa. A cikin wasa babu mai bukatar haka, ciyawa taɓa ta kawai ake yi ta ɓace. Amma Habu da ya tashi yin gona sai ya yi yadda ya ga ubansa na yi: ya tara busassun itatuwa a gefen filinsa, ya kunna, aka kira shi aike ya ajiye waya. Wutar ta kama rassan durumin da suka leƙa waje, ta bi su ta shigo mana.

Iya ta kalli wayar har jinkar ɗakinta ta rufta. Sannan ta jawo ƙwaryar gyaɗa ta ci gaba da ɓara. Ni ce na zari mayafi na tafi shagon Yaya Nura ina huci, na ce ina tsaron da ya yi mana alkawari. Ya duba kwamfutarsa, ya sosa ƙeya, ya ce, "Iyakar nan hannun mutum kawai take dubawa, Kulu. Ba ta san wuta ba." Na tambaye shi ko zai iya dawo da gidan, ya ce bai ajiye kwafi ba. Na zage shi a zuciyata, na zagi Habu a fili. Da na dawo na ce wa Iya mu sake ginawa, ta ce, "Ya isa, 'yar nan. Na farko ruwa, na biyu wuta." Kwanaki suka wuce ba ta ƙara ambaton ƙauye ba, ta koma kallon katanga. Na tsorata sosai, don na san in ta daɗe ba ta faɗa ba, gidan zai gama zame mata, kuma babu wani mai rai da ya san inda randar take.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka ji sallama. Habu ne, wani ɗan siririn yaro, yayansa ya kawo shi a babur tun daga Babura. Ubansu ne ya ce wanda wutarsa ta tsallaka gonar wani, da ƙafarsa yake zuwa, ko da a cikin waya ne. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa gaban Iya.

"Iya, ni ne na ƙona muku gida. Sharar gona na yi."

"Ba ka duba iska ba kafin ka kunna?"

"A can babu iska, Iya."

"To me za ka shuka?"

"Alkama."

"Alkama a jigawa, da damina? Allah ya shirye ku."

Sai ta fashe da dariya har tana share ido da bakin mayafi. Ta sa aka dama masa fura. Kafin ya gama sha, ta riga ta fara gaya masa cewa zaure yamma yake kallo.

Gayya muka yi. Yaya Nura ya buɗe mana iyakar, yara suka shigo daga ko'ina, masu ɗauko itace, masu ciyawa, 'yar malamar asibiti ta haƙa rijiya. Iya na zaune a tabarma tana ba da umarni kamar sarkin magina. Wasu abubuwan ta tuna, wasu ni na tuna mata, ƙofar ɗakinta kuwa mun kasa daidaitawa, muka bar ta tana kallon kudu. Da aka zo kan durumi, na matsar da shi can cikin gida, nesa da layi, ina ganin na yi dabara. Yaya Nura ya riga ya gaya mana cewa bai iya gyara gefen yamma ba, wuta za ta iya sake shigowa. Iya ta ji wannan sarai. Ta ɗaga haɓa ta ce, "Mayar da shi inda yake. Masu wucewa fa?" Na mayar.

Yau kwamfutar Yaya Nura ta daɗe da mutuwa, duniyarmu ta tafi da ita, Iya ma ta riga mu gidan gaskiya. Gidan da nake zaune yanzu katangarsa doguwa ce, da waya mai ƙaya a samanta, kuma ban san sunan maƙwabcina na yamma ba. Bara na je ƙauyen Iya karo na farko. Babu ɗaki ko ɗaya, gero aka shuka a wurin, amma ban tambayi kowa hanya ba: na tsaya inda zaure yake, na taka zuwa bakin tsohuwar rijiya ba tare da na ɓata ba. Durumin yana nan a bakin hanya, wani mai babur ya faka a ƙarƙashinsa yana barci. Na zauna a ɗaya rabin inuwar har la'asar ta yi sanyi.