Kalmar "To" Ce Ta Kai Shi Kaso

"Kashe mini wannan ƙarya!"

Haka Inna, kakata, ta daka mini tsawa jiya muna kallon wani tsohon fim. An ɗaure mutum kan kisan da bai yi ba, ya fito yana bin maƙiyansa ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Inna, ai ramawa yake yi."

Ta ce, "A fim ake ramawa. Zamanin Nasara an tsinci gawar wani bafatake a hanyar Guci, dab da gonar babana. Aka ja Baba gaban kumandan, Baturen mulki, a Magariya. Tafinta ya faɗa masa zargin, Baba ya durƙusa ya ce 'To', yana jira a gama ya yi nasa bayani. Sai tafinta ya ce wa Bature wai Baba ya amsa laifi."

"To" fa! Kalmar da muke ce wa babba don ladabi. Baban Inna ya shiga kason Damagaram, bai fito ba. Tafintan kuwa ya tsufa cikin jikokinsa, ana durƙusa masa.

Har yanzu zuciyata tafasa take. Bature ba ya jin Hausa, na yarda. Shi ɗan'uwan namu fa? Ku gaya mini, bai san ma'anar "to" ba ne?